Ɗaya ko biyu: Yadda Amurkawa ke zaɓen ƙaramar bindiga don kare kai a hanya da cikin gida

A ƙasar da bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanenta yawa, abin mamaki ne a ji cewa shawarar da masu koyar da harbi da dama ke bai wa sabon shiga ita ce ya taƙaita. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Sai dai ba rabon ɗaya-ɗaya aka yi ba. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari ne kawai na manya suka ce suna da bindiga, wani binciken kuma da jami'o'in Harvard da Northeastern suka gudanar a 2015 ya gano cewa rabin bindigogin ƙasar na hannun kashi 3 cikin ɗari na manya.

Cikin waɗannan 'yan ƙalilan ne ake samun mafarauta da masu gasar harbi da masu tara bindiga don sha'awa, kamar yadda wani ke tara dawaki. Sauran jama'a kuwa, malamar makaranta da direban babbar mota da mai kantin unguwa, buƙatarsu daban ce. A binciken na Pew, kashi 72 cikin ɗari na masu bindiga sun ce kare kai na cikin manyan dalilansu. Tambayar da irin waɗannan ke zuwa da ita kantin makamai gajeriya ce: bindiga nawa mutum ke buƙata don ya tsare kansa idan ya fita, ya kuma tsare iyalinsa idan ya koma gida? Amsar ba ta cika wuce biyu ba, sau da yawa ma ɗaya ce. Dalilin taƙaitawar ya haɗa da yadda jikin ɗan Adam yake, da nauyin aljihu, da kuma haɗarin da kowace bindiga ke shigowa da shi gidan da aka ajiye ta.

Ƙofar da kotu ta buɗe

Gyara na Biyu ga Kundin Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya tanadi 'yancin mallaka da ɗaukar makami. An shafe fiye da shekara ɗari biyu ana jayayya kan ko 'yancin na kowane mutum ne ko kuwa na rundunonin sa-kai na jihohi. A watan Yunin 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke dokar birnin Washintan da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida. Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya lissafa abin da ya sa mutane ke fifita ta a kan doguwa: tana da sauƙin ajiyewa inda hannu zai kai cikin gaggawa, tana da wuyar ƙwacewa, wanda ba shi da ƙarfin ɗaga doguwar bindiga zai iya sarrafa ta, kuma ana iya riƙe ta da hannu ɗaya a kira 'yan sanda da ɗayan.

Bayan shekara biyu, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, kotun ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi. A watan Yunin 2022 kuma, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin jihar Niyok na cewa sai mutum ya nuna wani dalili na musamman kafin a ba shi lasisin fita da bindiga. Jihohi da yawa ma sun riga kotun yin gaba. Vermont ba ta taɓa neman lasisi ba, Alaska ta yi watsi da shi a 2003, Arizona a 2010, Tekzas a 2021, Fulorida a 2023. Zuwa 2024, jihohi 29 daga cikin 50 sun yarda baligi da doka ba ta haramta wa makami ba ya fita da bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba.

Kalmar ɓoyewa a nan ba ta nufin laifi. Manufa ita ce bindigar ta kasance a jiki, ƙarƙashin tufafi, ba wanda ke ganin ta. Jihohi da dama sun yarda a rataya ta a fili, amma akasarin masu ɗauka sun fi son a ɓoye, don kada su tsorata jama'a a kasuwa, kada wani ya fizge ta, kada kuma ɗan fashi ya fara da su.

Aiki biyu masu karo da juna

Bindigar fita da bindigar gida ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗaya.

Ta fita a jiki take wuni, daga safe har dare, a zaune cikin mota, a tsugunne, a lokacin zafi da riga mai shara-shara. Saboda haka dole ta zama siririya, gajeriya, mara nauyi. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008, nauyinta kimanin giram 270 ne, tana shiga aljihun wando ba a sani ba. SIG Sauer P365, wadda ta fito a farkon 2018, kimanin rabin kilo ce, kaurinta inci ɗaya, kuma tana ɗaukar harsashi goma. Ita ce ta sauya kasuwar, domin kafin zuwanta bindiga mai wannan girma shida ko bakwai take ɗauka. A 2019 kamfanin Springfield ya biyo baya da Hellcat mai harsashi 11.

Amma ƙanƙanta tana da farashi. Duk lokacin da harsashi ya fita, bindiga na yin shuri baya, kuma nauyinta ne ke shanye wani ɓangare na shurin. Idan nauyin ya ragu, hannu ne ke biya. Gajeren mariƙi kan bar ɗan ƙaramin yatsa yana reto, riƙo ya yi sako-sako. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta gajarce, don haka 'yar karkacewa kaɗan a hannu sai ta zama kuskure babba a can inda ake nufi. Sakamakon da ya fi muni ba a ganin sa nan take: bindigar da ke cutar da tafin hannu ba a son yin atisaye da ita, wadda ba a atisaye da ita kuwa ba ta da amfani ranar da aka buƙace ta. Shi ya sa masu koyarwa ke yawan sukar al'adar nan ta miƙa wa mace ko tsoho mafi ƙanƙantar bindiga a kanti da sunan sauƙi, alhali ita ce mafi wuyar sarrafawa.

Ta gida kuwa ba ruwanta da ɓuya a ƙarƙashin riga. Tana iya zama babba, mai cikakken mariƙi, mai ɗaukar harsashi da yawa, da wurin maƙala tocila a ƙasan baki, tunda abin da ake tsoro ya fi zuwa da dare. Glock 17, wadda injiniyan Ostiriya Gaston Glock ya ƙera, sojojin ƙasarsa suka karɓa a farkon shekarun 1980, tana ɗaukar harsashi 17, kuma irin ta ce ake gani a ƙugun 'yan sanda a ƙasashe da dama. Harbi da ita ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai mutum siriri da zai ce ya ɓoye ta ƙarƙashin shat wuni guda, mako ɗaya ya ishe shi ya fara barin ta a gida.

Masu cewa ɗaya ta isa

Daga wannan ja-in-ja ne aka samu bindigogin tsaka-tsaki, waɗanda Glock 19 ta 1988 ta zama ma'auninsu. Tana ɗaukar harsashi 15, tsawon bututunta kimanin inci huɗu, nauyinta idan an ɗura ta bai kai kilo ɗaya ba. Ba ta fi kowace ɓuya ba, ba ta kuma fi kowace daɗin harbi ba, amma tana iya yin aikin biyu. Kamfanoni irin su Smith & Wesson da CZ da Walther da SIG Sauer duk suna da nasu a wannan girma.

Hujjar masu bindiga ɗaya ba ta kuɗi ce kaɗai ba. Idan tsoro ya kama mutum, bugun zuciya ya hau, yatsu kan rasa ƙwarewarsu, tunani ya ƙuntata, abin da hannu ya saba kawai yake aikatawa. Wanda ke da bindiga huɗu, wata sai an sauke maɓallin tsaro da babban yatsa, wata ba ta da shi, wata kunamarta da tauri, wata da laushi, ya raba sabonsa gida huɗu. Wanda ke da ɗaya kuwa duk atisayen da ya yi wuri ɗaya yake taruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda zai tsaya tuno wace ce a hannunsa a lokacin da ake fasa masa ƙofa.

Wani alƙalami ya isa ya nuna girman lamarin. Cibiyar RAND ta yi wa rundunar 'yan sandan birnin Niyok nazari a 2008, ta gano cewa tsakanin 1998 da 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasan jami'an suka sami abin da aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, ake kuma sake gwada su. Farar hula da ya sayi bindiga ya jefa a aljihun tebur ba shi da dalilin zaton zai fi su. Kowane harsashi da ya kuskure kuma wani wuri zai sauka, kuma doka mai harbin za ta tambaya.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba: bindiga ɗaya tana da sauƙin sa ido. Ko tana ƙugu, ko tana cikin akwatin ƙarfe. Babu wata ta biyu da aka bari a gida tare da yara, babu ta uku a aljihun mota, inda ɓarayi a biranen Amurka suka fi samun bindigogin da daga baya ake tsinta a wuraren aikata laifi.

Masu cewa sai biyu

Ɗaya ɓangaren ba ya musun wannan, amma yana kawo abin da ke faruwa a zahiri. Bindigar tsaka-tsaki ta yi wa mutane da yawa girma, musamman mata, da masu aikin ofis da ke cusa riga cikin wando, da mazauna jihohi masu zafi kamar Fulorida da Arizona. Wanda ta dame shi zai daina ɗauka. Don haka gara ƙarama don fita, babba don gida.

Dalili na biyu na shari'a ne. Idan mutum ya yi harbi, ko da a kan gaskiya ne, 'yan sanda za su karɓe bindigar a matsayin shaida, kuma tana iya yin watanni a hannunsu. Haka nan idan ta lalace aka mayar da ita kamfani. Na uku shi ne gida mai manya biyu: idan miji ya fita da ita, matar da ke gida ba ta da komai.

Amma ko masu wannan ra'ayi suna gindaya sharaɗi, cewa biyun su zama 'yan gida ɗaya. Harsashinsu iri ɗaya, kunamarsu iri ɗaya, maɓallansu a wuri ɗaya. A wasu dangogin ma gidan harsashin babbar yana shiga ƙaramar, kamar yadda na Glock 17 ke shiga Glock 19 da Glock 26. Ta haka hannu abu ɗaya yake koya, aljihu kuma harsashi iri ɗaya yake saye. Abin da ya wuce biyun nan sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi ba ce a dokar ƙasar, sai dai bai kamata a lulluɓe ta da sunan tsaro ba. Kamfanonin da ke fitar da sabon samfuri kowace shekara, tabbas, ba su da riba a wannan magana.

Gardamar harsashi, da yadda ta lafa

Shekaru da dama Amurkawa sun sha muhawara kan girman harsashi. Wasu sun tsaya kan .45, harsashin bindigar M1911 da John Browning ya ƙera, wadda sojojin ƙasar suka riƙe daga 1911 har zuwa 1985. Wasu kuma sun rungumi mai milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a Jamus a farkon ƙarni na ashirin.

Abin da ya rura wutar ya faru ne ranar 11 ga Afrilun 1986 a Miyami, inda jami'an FBI takwas suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, biyar suka ji rauni. Binciken gawa ya nuna wani harsashi mai milimita 9 da ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin tun farkon faɗan ya tsaya dab da zuciyarsa, mutumin kuma ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora wa harsashin laifi, ta koma mai milimita 10, sannan .40 wanda ya fito a 1990, rundunonin 'yan sanda da yawa suka bi sahu. Ta kuma kafa ma'aunin gwaji da har yau ake amfani da shi, cewa harsashi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da tsokar jiki.

A 2014 hukumar ta juya. Sashen horarwarta ya ce harsasan milimita 9 na zamani suna cika ma'aunin, jami'ai kuma sun fi saurin harbi da dacewa da su saboda ƙarancin shuri, ga shi bindiga na ɗaukar su da yawa. A 2016 ta ba kamfanin Glock kwangila. Tun daga nan gardamar ta yi sanyi. Ga farar hula akwai ƙarin dalili, wato araha: harsashin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne za a fi yin atisaye da shi.

Libarba, mai ganga mai juyawa, ba ta mutu ba duk da haka. Ƙaramar Smith & Wesson mai harsashi biyar, wadda asalinta ya faro daga 1950, har yanzu ana sayen ta. Ba ta buƙatar ƙarfin hannu wajen ɗanawa, ba ta cika cijewa ba, kuma da kallo ake gane ko a ɗure take. Aibinta shi ne kunama mai tauri, harsashi kaɗan, da jinkirin sake ɗuri. A jihohi irin su Kalifoniya da Niyok, inda doka ta ƙayyade gidan harsashi kada ya wuce goma, tazarar da ke tsakaninta da fistol ta ɗan ragu.

Abin da ba a lissafawa a kanti

Bindiga mai kyau a wannan aji takan kai dala 500 zuwa 600, kuma nan ne farkon kashe kuɗi. Akwai kube mai tauri da ke rufe kunama ruf, domin bindigar da aka jefa aljihu tare da makullai ita ce ke tashi ba a shirya ba. Akwai ɗamara mai ƙarfi, da kariyar kunne, tunda ƙarar harbi ɗaya a cikin ɗaki na iya lahanta ji. Akwai kuɗin aji, da na filin atisaye, da ɗaruruwan harsasai. Mutumin da ya kashe dala 2,000 a kan bindiga huɗu bai bar komai don horo ba, wanda ya sayi ɗaya ya zuba ragowar a kan koyo ya fi shi shiri.

Sannan ga ajiya, inda bindigar gida ke cin karo da kanta. Don ta yi amfani dole ta kasance kusa kuma a ɗure. Don kada ta yi ɓarna dole ta kasance a kulle. Maganin da aka samu shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe da ake kafewa a gefen gado, mai buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wata dokar tarayya ta 2005 ta wajabta wa dillalai su haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da makulli, jihar Massachusetts kuma ta wajabta kulle duk bindigar da ba ta hannun mai ita. Duk da haka, wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 4.6 na zaune a gidajen da ke da bindiga a ɗure ba a kulle ba.

Kotuna sun fara ɗora wa iyaye alhaki. A watan Nuwamban 2021 wani ɗalibi mai shekara 15 ya kashe 'yan uwansa ɗalibai huɗu a wata sakandare a garin Oxford na jihar Mishigan, da bindigar da mahaifinsa ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A 2024 aka sami uwa da uban da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15.

Tocila ma ba ado ba ce. Cikin ƙa'idojin da ake fara koya wa kowane ɗalibin harbi akwai cewa ya san abin da ya nufa da abin da ke bayansa, domin bangon gidajen Amurka na katako da allo ne, harsashi na ratsa shi zuwa ɗakin yara ko gidan maƙwabci. A daren 13 ga Maris ɗin 2020 a birnin Louisville, 'yan sanda suka fasa ƙofar gidan Breonna Taylor. Abokinta, wanda ke da bindiga bisa doka, ya ce ya ɗauka ɓarayi ne, ya yi harbi ɗaya cikin duhu ya sami wani jami'i a ƙafa. 'Yan sandan suka mayar da harsashi 32. Taylor ta mutu, wasu harsasan kuma suka shiga gidan maƙwabta.

Alƙaluman da masu sayarwa ba sa so

Ba a yi ittifaƙi kan sau nawa bindiga ke ceton mai ita ba. Wani bincike na Gary Kleck da Marc Gertz a 1995 ya ce sau miliyan 2.5 a shekara. Ƙididdigar gwamnati ta waɗanda aka yi wa laifi kuwa ba ta cika kaiwa dubu ɗari ba. Tazarar ta yi yawan da kowane ɓangare ke ɗaukar wanda ya yi masa daɗi.

Ɗaya gefen ya fi fitowa fili, domin gawa ake ƙirgawa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, a cewar hukumar lafiya ta CDC, kuma 26,328 daga ciki kansu suka kashe. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun bi diddigin mazauna Kalifoniya miliyan 26, suka wallafa a 2020 cewa mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau takwas wajen kashe kansu da bindiga, mata kuma sau 35. A 2022 suka sake gano cewa wanda ke zaune gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga ya ninka wanda ba haka ba fiye da sau biyu wajen yiwuwar a kashe shi, kuma mata ne suka fi shan wannan a hannun mazajensu ko samarinsu.

Waɗannan alƙaluma ba su ce kowane gida ɗaya ne ba. Abin da suka nuna shi ne akwai gidajen da adadin da ya dace da su sifili ne: gidan da ake fama da ciwon damuwa, ko shaye-shaye, ko rikicin aure mai duka. Ƙwararren mai koyarwa kan faɗi haka, ko da yake ba za a ji shi a talla ba.

Tarkon doka

Lasisi ba ya tsallaka kowace iyaka. Kowace jiha ita ke zaɓen lasisin jihohin da za ta amince da su. A 2013 wata uwa mai 'ya'ya biyu daga Filadelfiya, mai lasisin jihar Pennsylvania, ta shiga maƙwabciyar jihar New Jersey, ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ta shaida masa da bakinta cewa tana da bindiga. Ta shafe makonni a tsare, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Haka kuma, ko a jihohin da ba a neman lasisi, akwai wuraren da aka haramta shiga da makami, kamar kotuna da gine-ginen gwamnatin tarayya da bayan shingen bincike a filin jirgin sama.

Dokar kare kai ma ta bambanta. A cikin gida kusan ko'ina ba a tilasta wa mutum ya gudu kafin ya kare kansa. A waje kuwa, wasu jihohi na cewa sai ya ja da baya idan da hali, wasu kuma, bisa tafarkin dokar Fulorida ta 2005, sun ce yana iya tsayawa. A akasarin jihohi dai sai an nuna akwai barazanar kisa ko mummunan rauni a daidai lokacin. Harbin ɓarawon da ya juya baya yana gudu kan kai mai gida kurkuku.

Baƙar fata na da ƙarin lissafi. A watan Yulin 2016 wani ɗan sanda a jihar Minesota ya tsayar da motar Philando Castile, wanda ke da lasisi kuma ya sanar da jami'in cewa yana ɗauke da bindiga. Cikin daƙiƙu aka harbe shi har lahira, a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. A 2017 kotu ta wanke jami'in. Ga 'yan Afirka da ke zaune a can kuma, dokar tarayya ta haramta wa mai bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko ɗan yawon buɗe ido, riƙe bindiga, in ban da wasu keɓantattun halaye. Mai katin zama na dindindin ne ke da damar saye, bayan an binciki tarihinsa.

A Najeriya fa?

Duk wannan muhawara ta zaɓe ba ta da mazauni a dokar Najeriya. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta, irin mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Fistol da libarba kuwa an jera su ne a rukunin haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izinin mallakarsu. Wanda aka kama da irin su ba izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba.

Hakan bai hana makamai yawo ba. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta bindiga fiye da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya a 2017. Bai kuma hana maganar kare kai tasowa ba a duk lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Arewa maso Yamma. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci mazauna jihar su nemi lasisin riƙe bindiga, ta ce za ta raba takardun nema ta hannun masarautu. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cikin 'yan kwanaki cewa gwamna ba shi da hurumin umartar Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba da irin wannan lasisi.